WAI LAYAR ZANA CE? KAMA DA WANE BA TA WANE

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, har da waɗansu malamai, duk sa'ad da aka kalli fim ɗin zane na Japan aka ga mutum yana tsaye sai ya ɓace. Kafin a ƙifta ido wani zai ce, "Ai layar zana ce, ashe su ma suna da ita," a bushe da dariya a wuce. Akwai kuma kashi na biyu, masu cewa, "Kai, ai tuni Turawa suka ƙera rigar nan, sojan Amurka na da ita, ɓoyewa kurum suke yi," sa'an nan su zaro waya su nuna maka hoton wani da ya ɗaga mayafi ƙafafunsa suka ɓace. In ka dubi ɓangarorin nan biyu sai ka zaci abokan gaba ne, domin ɗaya ya raina abin, ɗaya ya kai shi sama. Ni kuwa a ganina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, saboda dukansu sun guje wa tambaya guda, watau ta yaya abin yake aiki? Da su nake a wannan rubutu, kuma ba zan sassauta ba don akwai abokaina a cikinsu. Mu da muke jami'a, aka ce mu ne masu bin diddigi, in muka ga sabon abu muka laƙa masa sunan da muka saba da shi don mu huta da tunani, to ina amfanin zaman laburaren da muke yi?

Bari in ɗauki misali ɗaya in tsaya a kansa, don kada maganar ta zama ta iska. A shekarar 1995 aka fitar da wani fim ɗin zane a Japan mai suna Ghost in the Shell. Mamoru Oshii ne ya ba da umarni, kamfanin Production I.G ya zana, an kuwa samo labarin daga littafin zane na Masamune Shirow wanda aka fara bugawa a 1989. Abin yana faruwa a shekarar 2029, zamanin da mutane ke sauya gaɓoɓinsu da na ƙira, suna jona ƙwaƙwalwarsu da kwamfuta kai tsaye. Jarumar ita ce Manjo Motoko Kusanagi ta Sashe na 9 na hukumar tsaro, wadda kusan duk jikinta na ƙira ne. A farkon fim ɗin tana bisa rufin wani dogon bene da dare. A cikin benen wani jami'in jakadancin wata ƙasa yana ƙoƙarin ficewa da wani masanin kwamfuta, 'yan sanda sun kutsa kai, amma doka ta ɗaure musu hannu domin mutumin yana da kariyar jakadanci. Manjo ta diro daga sama, ta harbe shi ta taga, ta ci gaba da faɗawa, da aka leƙo sai aka ga jikinta yana narkewa cikin fitilun birnin da ke ƙasa har ya ɓace. Sunan da suka ba kayan da ta sa, in an fassara shi daga Japananci, shi ne sajewa ta zafi da haske. Ku riƙe kalmomin nan biyu, zafi da haske, domin duk gardamarmu a kansu take.

Mu fara da haske. Ba ma ganin abu sai in haske ya taso daga jikinsa ya shiga idonmu, ko kuwa abin ya tare hasken da ke bayansa. Saboda haka duk mai son ya ɓace ba tare da ya taɓa idon mai kallo ba, hanya uku ke gabansa. Ko dai haske ya ratsa ta cikinsa kamar ba ya nan, ko ya zana hoton abin da ke bayansa a gabansa, ko kuma ya lanƙwasa haske ya kewaye shi ya koma kan hanyarsa.

Hanya ta farko ita marubucin Ingila H. G. Wells ya bi a littafinsa The Invisible Man na 1897, inda wani masani ya mai da jikinsa yadda haske ke wucewa ta cikinsa kamar yadda yake wucewa ta iska. Tushen dabarar gaskiya ne, kowa ma yana iya gwadawa: a tsoma ƙaramin kofin gilashi irin na ɗakin gwaje-gwaje a cikin man girki, sai ya kusa ɓacewa, domin man da gilashin suna karya haske daidai wa daida. Amma an daɗe da gano inda gizo ke saƙar. Ido yana gani ne saboda tantanin da ke can bayan ƙwayarsa yana kama haske ya shanye. In haske ya ratsa tantanin nan ya wuce, to mutumin ya ɓace, amma fa ya makance. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Oshii bai tsaya yi mana lacca kan yadda kayan Manjo ke aiki ba, kuma na yaba masa, domin fim ba aji ba ne. Amma abin da ya nuna a zane ya ishi mai lura ya gane cewa hanya ta biyu ce, watau fatar kayan tana ɗaukar hoton abin da ke baya ta nuna shi a gaba. Wannan kuwa an gwada shi a zahiri, kuma fim ɗin da littafinsa suna da hannu a ciki. A Jami'ar Tokyo, a ɗakin binciken Farfesa Susumu Tachi, akwai wani matashin mai bincike, Masahiko Inami, wanda bai ɓoye ba cewa labarin Shirow ne ya zaburar da shi. A 2003 hoton rigarsu ya zaga duniya: mutum sanye da wata riga mai hula, ana ganin masu wucewa a titi ta cikin ƙirjinsa. Ga yadda aka yi. An kafa kyamara a bayan mai rigar tana ɗaukar titi. Hoton ya bi ta kwamfuta ya shiga majigi. Majigin ya haska hoton a kan wani madubi mai mayar da rabin haske ya bar rabi ya wuce, madubin ya jefa hoton a kan rigar. Ita kuwa rigar an lulluɓe ta da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin gilashi masu mayar da haske daidai inda ya fito, irin abin da ke sa allon hanya da rigar masu aikin titi su yi ƙyalli in fitilar mota ta haske su. Mai kallo yana leƙawa ta cikin madubin nan, watau idonsa yana kan layi ɗaya da majigin, sai ya ga titi a jikin rigar.

To, ga abin da masu cewa "an riga an ƙera" ba sa faɗa. Wanda ke leƙe ta madubin ne kaɗai ke ganin wannan abin mamaki. Ka matsa taku biyu gefe, sai ka ga wani mutum tsaye da riga kamar kowa. Matsalar kuwa ta fi ƙarfin a ce kuɗi ne ya gaza ko kyamarar ce ba ta da kyau, tana cikin lissafin abin kansa. Ka tsaya a tsakiyar fili, abokinka ɗaya yana kallonka daga dama, ɗaya daga hagu. Na dama yana bukatar ya ga bishiyar da ka tare masa a jikin rigarka, na hagu kuma yana bukatar ya ga bangon da ka tare masa, a daidai wannan wuri na rigar, a daidai wannan lokaci. Na kan bene yana bukatar ya ga ƙasa. Ashe kowane ɗigo na rigar sai ya aika launi dabam zuwa kowace fuska, kuma ya sauya duk sa'ad da ka motsa ko rigar ta yi ninki. Har wa yau sai rigar ta kai hasken sararin sama in sama ce a bayanka da tsakar rana, ta kuma kai duhun bakin rijiya in shi ne a bayanka, alhali rana na dukanta. Maganar ƙara haske don a ɓuya ma ba sabuwa ba ce. A yaƙin duniya na biyu sojan ruwan Kanada sun gwada haska gefen jiragensu da dare don su saje da sararin sama, Amurka kuma ta gwada jera fitilu a gaban jiragen sama, sai na'urar rada ta zo ta kashe kasuwar, tun da ita ba ruwanta da abin da ido ke gani.

Yanzu mu koma kan masu layar zana, domin a nan ne na fi jin haushi. Da sun kalli fim ɗin da idon basira, da sun ga cewa kusan duk inda aka yi amfani da kayan nan sai an nuna inda suka gaza. Akwai faɗan da kowa ke tunawa, inda Manjo ta ritsa wani ɗan ta'adda a wani fili mai ruwa iya idon sawu. Shi ana ganinsa, ita ba a ganinta. Amma ruwa yana fantsama duk inda ta taka, kuma ga inuwarta a ƙasa tana jifa da shi. Wannan inuwa ba ƙaramar shaida ba ce. Da haske ratsa ta yake yi, ko kewaye ta yake yi, da ba za a ga inuwa ba. Tun da akwai inuwa, to jikinta yana tare rana kamar na kowa, hoto ne kurum aka shimfiɗa a kansa. Dubi yadda zane ɗaya ya gaya maka irin na'urar ba tare da an ce uffan ba!

Sai kuma abin da ya fi wannan daɗi, aikin Togusa. Shi tsohon ɗan sandan ciki ne, wanda ya fi kowa ƙarancin kayan ƙira a jiki cikin Sashe na 9, har bindigarsa ma tsohuwar yayi ce. Shugaban Sashe na 6 ya zo ofishinsu tare da wani masani Ba'amurke. Kyamara ta nuna mutum biyu ne suka shigo. Hankalin Togusa bai kwanta ba, ya lura ƙofa ta yi jinkirin rufuwa bayan shigarsu, sai ya nemi a duba ma'aunin nauyin da ke wurin ajiye motoci. Nauyin da aka samu ya fi na waɗanda kyamara ta nuna. Nan take ya gane akwai waɗansu da suka shigo ba a gan su ba. A ƙarshen fim ɗin kuma, a wani tsohon gidan tarihi, Manjo ta ji a jikinta akwai wani abu tsaye bisa motar da take bi, sai ta sa matuƙin jirgi mai saukar ungulu ya harbe rufin gilashin da ke sama. Tarkacen gilashi ya zubo, sai ga tankar yaƙi mai ƙafafu kamar gizo-gizo ta bayyana.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa: ai ita ma laya tana da sharaɗi, a labaran da muka taso muna ji akwai abin da in mai ita ya yi sai ta karye, to mene ne bambanci? Tambaya ce mai kyau, kuma a cikinta amsar take. Ban zo gardama kan ko laya tana ci ko ba ta ci ba, wannan fage ne na waɗansu. Magana nake kan yadda take aiki a cikin labari. Sharaɗin laya wanda ya ba da ita ne ke gindaya shi, kuma ba yadda za a yi ka zauna ka gano shi da tunaninka, sai dai a tona maka asiri, galibi ta bakin wani na jikin mai ita. Raunin na'ura kuwa daga yadda take aiki yake fitowa, kowa yana iya cim masa in ya yi tunani. Ba wanda ya tsegunta wa Togusa kome. Ya san abin da ke ɓoye haske ba ya rage nauyi, sai ya tafi wurin ma'auni. Manjo ta san fatar da ke nuna hoto ba za ta jure ruwan gilashi ba, sai ta sa a fasa rufi. A labarin laya wanda ya san asiri ne ke cin nasara, a wannan kuwa wanda ya iya lissafi. Mai karatu ko mai kallo yana iya rigan jarumin gano mafita, kuma wannan wani irin daɗi ne dabam wanda mai cewa "layar zana ce" ya hana kansa.

Abin dariyar ma shi ne, masu wannan labari sun san bambancin sarai, har sun keɓe wa kowanne wurinsa. A shirin talabijin da ya biyo baya a 2002, Stand Alone Complex, wanda Kenji Kamiyama ya ba da umarni, akwai wani gwanin kutse da ake kira Laughing Man. Shi ba ya sa wata riga. Kutsawa yake yi cikin kyamarori da cikin idanun ƙira na mutanen da ke kallonsa, ya manna wani tambari mai murmushi a kan fuskarsa, ko ma ya share kansa ɗungum daga ganin mutum. Ya yi aika-aikarsa a bainar jama'a, amma waɗanda suka ga ainihin fuskarsa su ne marasa galihun da ba su da ƙwaƙwalwar lantarki. To in ana neman ɗan'uwan baduhu da rufa-ido, ga shi nan, domin shi a kan mai kallo yake aiki, hasken kuwa yana nan yadda yake. Wanda ya haɗa wannan da rigar Manjo ya kira su da suna ɗaya, kamar wanda ya ce da likita da wanzami duk ɗaya ne tun da dukansu suna riƙe da aska.

Kada a zaci ina cewa duk abin da fim ɗin ya nuna mai yiwuwa ne. Akwai inda ya shafa mana mai a baki, kuma wurin shi ne kalmar nan ta biyu, zafi. Jikin mutum yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda kyamarar zafi ke kamawa ko a tsakar dare, shi ya sa duk sajewar da ba ta ɓoye zafi ba wasan yara ce a fagen yaƙi. Masu fim ɗin sun san haka, suka ce kayansu yana ɓoye duka biyu. Amma ina zafin zai tafi? Mutum ko yana zaune yana fitar da kimanin wat 100, kamar tsohon ƙwan lantarki. In ka hana zafin nan fita don kada a gani, to a jiki zai taru. Mu yi lissafi. Jikin mai nauyin kilo 70 yana bukatar kimanin jul 245,000 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1. Wat 100 kuwa jul 100 ne kowace daƙiƙa. Raba ka gani: daƙiƙa 2,450, watau minti 40 da 'yan kai. Cikin awa biyu mai zafin jiki 37 ya kai 40, ya shiga zazzaɓi mai haɗari, wannan fa yana zaune ke nan. In gudu yake yi yana faɗa, abin ya ninka sau da yawa, ga kuma zafin da ita rigar ke haifarwa wajen kunna hotonta. Jikin ƙira ma bai tsira ba, kowa ya san yadda inji ke zafi in yana aiki. A nan fim ɗin ya kau da kai ya wuce. Amma ku lura, na iya kama shi ne saboda ya yi da'awar da za a iya aunawa. Wa ya taɓa kama laya da kuskuren lissafi?

Abin da aka iya yi a zahiri ta fuskar zafi ya fi wannan tawali'u nesa ba kusa ba. A 2011 kamfanin makamai na BAE Systems ya nuna wani tsari mai suna Adaptiv a kan motar yaƙi samfurin CV90 ta Suwidin. An lulluɓe gefen motar da faranti masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowanne ana iya ɗumama shi ko a sanyaya shi da lantarki, yadda a kyamarar zafi motar za ta saje da dajin da ke bayanta, ko ta yi kama da ƙaramar motar gida. Amma mota ce mai inji da ke ba da wuta, kuma da rana ido yana ganinta ƙiri-ƙiri.

Hanya ta uku, ta lanƙwasa haske, ita ce jaridu suka fi yi wa kururuwa. Lanƙwasa haske ba baƙon abu ba ne, kawalwalniyar da muke gani a kan kwalta da rana tsaka hasken sama ne iska mai zafi ta lanƙwaso zuwa idonmu. A 2006 John Pendry na Landan da David Smith da David Schurig na Jami'ar Duke a Amurka, da kuma Ulf Leonhardt shi kaɗai a nasa ɓangaren, suka nuna a lissafi cewa ana iya ƙera abin da zai sa haske ya kewaye wani wuri kamar yadda ruwa ke kewaye dutse a rafi. A watan Oktoba na shekarar aka gwada a Duke, jaridu suka ce an ƙera rigar ɓacewa. Me aka ɓoye? Wani ɗan guntun bututun jan ƙarfe, a cikin zobba goma da faɗinsu bai wuce na ƙaramin faranti ba. Daga wa aka ɓoye shi? Daga igiyar rediyo irin ta rada, mai tsawon zango kamar santimita 3 da rabi, zango ɗaya tak, kuma a shimfiɗe kawai. Duk wanda ke ɗakin yana kallon abin da idonsa. Zangon hasken da muke gani ya fi wannan ƙanƙanta aƙalla sau 50,000, kuma dole sassan na'urar su fi zangon ƙanƙanta. Bugu da ƙari, hasken da ya kewaya ya yi tafiya mai nisa fiye da wanda ya miƙe, alhali ana son su iso tare, wannan kuwa ba ya yiwuwa ga dukan launuka a lokaci ɗaya. A 2016 Francesco Monticone da Andrea Alù suka nuna a lissafi cewa irin wannan lulluɓi da ba a ba shi wuta, gwargwadon girman abin da ake ɓoyewa gwargwadon ƙuncin zangon da zai iya ɓoye shi, abu mai girman mutum kuwa ya yi nisa ƙwarai. Sa'an nan makantar nan ta mutumin Wells tana jiran na ciki, tun da duk hasken ya kewaye shi.

Hotunan waya kuwa ba su cancanci dogon bayani ba. A ɗauki wuri ba kowa, a sake ɗauka da mutum riƙe da koren ƙyalle, kwamfuta ta cire kore ta sa hoton farko, dabarar da masu karanta hasashen yanayi a talabijin suka daɗe suna amfani da ita. Akwai kuma allon roba mai ƙananan layuka wanda kamfanin Hyperstealth na Kanada ya nuna a 2019, shi na gaske ne, yana baza haske gefe da gefe har wanda ya tsaya a bayansa ya dushe. Amma sai ka ja baya kaɗan da shi, sai bayanka ya zama mai layuka a kwance, kuma kowa yana ganin wani dusasshen allo tsaye a tsakiyar fili.

Wani abokin gardama mai kaifin hankali zai iya cewa duk raunin da na lissafa ba don gaskiyar kimiyya aka sa su ba, don fim ya yi daɗi ne, tun da in ba a ganin jaruma sam, me za a kalla? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mai zane yana cikin tsaka mai wuya, domin dole ya nuna mana abin da ya ce ba a gani. Ma'aikatan Oshii sun warware wannan ta hanyar ɗaukar zanen bango su murɗa shi da kwamfuta daidai siffar jikin mutum, sa'an nan su mayar da shi cikin hoton, shi ne wannan rawar da kake gani kamar tururin zafi. Fim ɗin Predator na Amurka ya riga su yin irin wannan a 1987. To amma ai akwai hanyoyi masu sauƙi da aka saba da su a zanen yara, a zana mutum da ɗige-ɗige, ko a mai da shi fari-fari kamar fatalwa, a ce mu ɗauka sauran mutanen labarin ba sa ganinsa. Su suka ƙi wannan, suka zaɓi alamun da mutanen cikin labarin ma za su iya gani, kuma waɗanda irin wannan na'ura za ta bari in da tana nan. Bukatar labari da gaskiyar haske sun haɗu a wuri ɗaya, ban ga laifi a nan ba.

Saura abu ɗaya, wanda sunan layar zana ke rufewa ruf. A labaranmu wa ke da layar zana? Ɓarawo ne, ko mafarauci, ko wanda dogarai suka biyo ya ɓace musu a lungu. Watau mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɓuya daga mai babba, shi ya sa muke jin daɗin labarin ko da mutumin ba na kirki ba ne. Tun zamanin Girkawa ma Aflatun ya kawo labarin makiyayin nan Gyges da ya tsinci zoben ɓacewa, ya kashe sarki ya hau gadonsa. Fim ɗin Oshii ya juya abin. Ɗan ta'addan nan yana da tasa rigar, gaskiya ne, amma samfurin da ya fi inganci, kamar yadda aka faɗa a fim ɗin, sassa uku ne kaɗai na gwamnati ke riƙe da shi. Amfani na farko da muka ga an yi da shi kisan mutumin da doka ta hana a taɓa ne, a gaban 'yan sanda, ba wanda za a kai kotu. Mu kuwa muna tafi, saboda Manjo ce jarumarmu kuma faɗowar tata ta yi kyau. Can gaba sai aka juya mana wuƙar: mutanen Sashe na 6, na ma'aikatar harkokin waje, suka sa irin kayan nan suka shiga ofishin Sashe na 9 suka sace shaidar da za ta tona cewa ma'aikatarsu ce ta ƙirƙiro abin da ake farauta tun farkon labarin, don ta riƙa yi mata leƙen asiri da maguɗi a ɓoye. Tankar da ke gidan tarihin nan ma tasu ce, an girke ta ne don ta tsare motar da ke ɗauke da shaidar, kuma da al'amarin ya ƙi, maharba suka turo ta sama don su hallaka shaidar da Manjo gaba ɗaya.